Duron tarbar ruwan sama: zai tara wa matasa kuɗi ko zai tara mana sauro?

Sakatare:
Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. A zaman da ya wuce an ce kowa ya kawo hanyar da ɓangaren matasa zai tara kuɗin gyaran ɗakin karatunmu ba tare da mun sake zagayawa da ƙoƙon bara ba. Ga tawa. Mu sayo gangunan roba irin masu cin lita 200, mu wanke, mu huda su daga ƙasa mu sa kan famfo, mu yi musu murfi, mu sayar wa masu ɗan lambu a gida su riƙa tarbar ruwan rufi suna ban ruwa da shi. Ruwan kyauta ne, aikin na hannunmu ne, ribar ta shiga asusu. Har talla na rubuta: "Tarbi na damina, shayar da lambu da rani." Me kuka gani?

Auta:
Ni da na ga ganga na ɗauka kiɗa za mu fara, har na miƙe.

Kawu Mai Famfo:
Zauna Auta, duro ake nufi. Sakatare, aikin mai yiwuwa ne, amma ba huda da sa famfo kaɗai ba ne. Zan dawo kansa in na sauko daga kan tsani.

Ɗan Adawa:
Tambaya ɗaya gare ni. Tun kafin a haife mu mutane ke jera bokiti da baho a ƙarƙashin indararo in hadari ya haɗo. Wa zai ciro kuɗi ya biya mu don abin da yake yi da kansa kyauta?

Baba Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Yaro, niyyarka ta yi kyau, amma ka goge tallar nan kafin wani ya gani. Bari in yi maka lissafin da kowa zai iya bi da biro.

Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan cif. Ɗauki gida mai rufin kwano tsawon mita 10, faɗin mita 6. Murabba'in mita 60. A ce rabinsa ne ke zubowa ta wajen da za ka ajiye duron, 30 ke nan. In aka yi ruwa milimita 10, wanda ba wani ruwan a zo a gani ba ne, lita 300 suka sauka a kan wannan rabin. Cire kamar kashi ɗaya cikin biyar na wanda ya fantsama, da wanda ya tsallake mazirari, da wanda zafin kwano ya shanye, ka tashi da lita 240. Duronka ya cika ya tumbatsa da ruwa ɗaya. Duk ruwan da za a yi bayansa, in ba a kwashe ba, ƙasa zai bi.

Yanzu juya wajen lambu. Ɗan fili mai mita 2 da mita 3, murabba'i 6. A kwanakin zafi kayan lambu kan sha wajen lita 5 a kowane murabba'i kullum, wani lokaci fiye. Lita 30 a rana. Raba 200 da 30, ba ka cika mako guda ba. To ina ranin da za ka shayar? Wanda ya saya saboda tallarka, mako ɗaya bayan ɗaukewar ruwa zai murɗa famfo ya ji iska, kuma sunan ƙungiya zai ambata, ba naka ba.

Sakatare:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai ka kashe maganar tun ba ta tashi ba.

Baba Malamin Gona:
Ban kashe ta ba, ƙaryar da ke cikinta na cire. Duro yana da amfaninsa. A tsakiyar damina ruwa kan ɗauke kwana biyar, kwana goma, a lokacin ne dashe ke mutuwa, tumatir ya zubar da fure. Duro ɗaya yana tsallakar da ɗan lambu wannan giɓin. Mai shuka a tukwane ko buhuna kuwa ya fi kowa morewa, don lita 200 na kai shi nesa. Sannan ruwan sama ba shi da gishirin da ake samu a ruwan wasu rijiyoyi, ba shi da sinadarin kulorin na ruwan famfo, shuka na son sa. Ku sayar da wannan, gaskiya ce, kuma ta isa.

Hajiya Mai Lambu:
Ɗan Adawa, zo ka ji amsar tambayarka daga bakin mai saye. Ni zan biya. Shekaru uku da suka wuce na sa aka ajiye mini duro a bayan ɗaki, na ɗora shi a kan bulo biyu a tsaye, a kan ƙasa haka kawai. Ruwan farko ya cika shi, ya yi ta ambaliya a gindinsa, ƙasar ta jiƙe ta yi laushi, bulo ɗaya ya nutse. Cikin dare muka ji rugum kamar katanga ta faɗi. Da safe na tarar duron a kwance a kan dashen da na yi wata guda ina lallaɓawa, ya niƙe shi, ruwan kuma ya kwanta a gindin bangon ɗaki. Har yau akwai tabon danshi a wurin. Ba duron ne ya gagare ni ba, wanda zai kafa mini shi yadda ya kamata na rasa.

Ɗan Adawa:
Hajiya, Allah ya tsare gaba. Amma ke ɗaya ce. Mutum nawa ne irinki?

Hajiya Mai Lambu:
Ɗana, ka je ka ƙirga mana. Ai aikin matasa ke nan.

Kawu Mai Famfo:
Na sauko. Abin da ya sami Hajiya shi ne abin da nake son faɗa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duro cike ya haura kilo 200, nauyin manyan maza uku. Ba a ɗora shi a kan bulo a tsaye. A daddale ƙasar, a zuba tsakuwa ko a yi ɗan daɓen siminti, a kwantar da bulo a jere biyu ko uku, a sa ma'aunin magina a ga ya daidaita. Tsayin ya kai yadda bokiti zai shiga ƙarƙashin famfo, kamar rabin mita. Inda akwai yara, a ɗaure shi da bango.

Na biyu, mafitar ambaliya. Mutane na sa bututun shiga mai faɗi, sai su huda 'yar ƙofa kamar ta tiyo a sama su ce ta nan rarar za ta fita. Ba za ta fita ba. Ɗauki rufin nan na Baba, murabba'i 30. In ana zuba ruwa mai ƙarfi, a ce milimita 50 a awa, lita 25 ke shigowa duk minti ɗaya. Minti takwas duro ya cika. Daga nan duk abin da ya shigo dole ya fita, don haka bututun fita ya zama faɗinsa ɗaya da na shiga, a kuma ja shi nesa da harsashin gini, gara ma a kai shi gindin bishiya ko cikin lambun.

Na uku, wurin famfo. Kada a huda can ƙasa ƙurmus, a bar kamar faɗin tafin hannu don laka ta kwanta a ƙarƙashi. A sa washa ta roba ciki da waje a ɗaure da noti. Wanda ya ce zai liƙe da gam kawai, wata biyu zai fara ɗiga, don robar duro ba ta riƙe gam.

Auta:
Kawu, in duron a rufe yake ruf, mai ƙananan ƙofofi biyu a sama, ta ina hannu zai shiga a ɗaure notin ciki?

Kawu Mai Famfo:
Yau Auta ya yi tambayar masu aiki. Shi ya sa na fi son duro mai buɗaɗɗen baki da murfi mai zoben ƙarfe. In rufaffen kuka samu, sai a yanke da'ira a sama daidai shigar hannu da buroshi, a rufe ta da raga. Ko ba don noti ba, duron da ba a iya wanke cikinsa ba abin sayarwa ba ne.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa, don tun ɗazu nake jiran wani ya ambaci sauro ba wanda ya yi. Sakatare ya ce "mu yi musu murfi" ya wuce, kamar ƙaramin abu. A wurina shi ne duka maganar.

Sauro daga ƙwai zuwa mai tashi, a lokacin zafi, kwana bakwai zuwa goma ne. Irin wanda ake kira Aedes, mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke yaɗa zazzaɓin denge da shawara da Zika, ba ya neman kwata. Ruwa mai tsabta a cikin mazubi yake so, duro, tanki, tsohuwar taya. Yana manna ƙwansa a jikin bangon mazubin, sama kaɗan da ruwa, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Ga kuma wani sauron maleriya, Anopheles stephensi, asalinsa daga Asiya, an fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kansa a 2019, saboda shi ma a tankuna da mazuban ruwa na cikin gari yake hayayyafa.

To ku duba. Ƙungiyar matasa ta raba duro hamsin a gidaje hamsin, rabi ba raga ko ragar ta yage. Mun gyara ɗakin karatu, mun cika unguwa da sauro. Ni ba zan sa hannu ba sai an rubuta cewa kowace ƙofa, ta shiga da ta fita, sai an rufe ta da raga mai ƙananan ido, kada idon ya wuce milimita 1. Kuma murfin ya zama wanda ƙaramin yaro ba zai iya buɗewa ba. Yaro in ya leƙa ya faɗa da ka, ba ya iya juyowa, ko da ruwan rabi ne.

Ɗan Adawa:
Anti, ba sai a ɗiga ɗan kananzir a sama ba? Na ji ana yi, tsutsar ta mutu.

Baba Malamin Gona:
Tsutsar ta mutu, lambun ma ya bi ta. Kada in sake jin wannan. In har tsutsa ta shiga, akwai magani na ƙwayar halitta da ake kira Bti, yana kashe tsutsar sauro ba ya cutar da shuka ko mutum. In babu shi, a juye ruwan a lambu, a goge cikin duron da buroshi, a gyara ragar.

Anti Nas:
Gogewar nan da Baba ya faɗa ita ce muhimmiya, saboda ƙwan da ke manne. Ɗauraya kawai ba ta cire shi.

Sakatare:
Na karɓa. Raga a duk ƙofa, murfi mai kulle. Maganar duron kuma, akwai wanda ya ce zai ba mu guda ashirin kusan kyauta, na ƙarfe da na roba a haɗe, wai sun tare masa wuri.

Kawu Mai Famfo:
Me aka zuba a cikinsu?

Sakatare:
Ban tambaya ba Kawu.

Kawu Mai Famfo:
To kada ka taɓa ko ɗaya sai ka tambaya, kuma in bai sani ba a bar masa kayansa. Roba na shan abin da aka zuba mata. Duron da ya ɗauki maganin ƙwari, ko sinadarin masana'anta, ko man inji, ko ka wanke shi sau goma ba ya komawa na lambu. Wanda muke so shi ne wanda aka yi jigilar kayan ci ko sha a cikinsa, takardarsa na jiki ana karantawa. Ku duba gindinsa, za ku ga lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku, ko an rubuta HDPE. Amma wannan irin robar kawai yake gaya maka, ba ya gaya maka abin da ta ɗauka. Takarda da hanci su ne shaida.

Na ƙarfen kuwa ku rabu da su gaba ɗaya. Ban da tsatsa, ina yaro a wajen koyon aiki na ga wani ya sa injin yanka a kan duron da aka ce babu komai a ciki. Babu mai, amma tururinsa na nan. Murfin ya tashi sama ya huda rumfa, mutumin ya rayu amma kunnensa ɗaya bai sake ji ba. Ba zan tsaya ina kallo yaranmu na yanka duron da ba mu san tarihinsa ba.

Kuma ku zaɓi mai duhu, shuɗi ko baƙi. Farin da haske ke ratsawa, sati biyu gansakuka ta yi kore a ciki ta toshe famfo.

Ma'ajiya:
Na bari kun gama kashe kuɗin kafin in yi magana. Ku duba abin da ya taru daga safe zuwa yanzu: duro mai tsabta wanda ba na kyauta ba, famfo, washa, noti, raga, bututu biyu, bulo, siminti. Wani gidan ma ba shi da mazirari sam, ruwan daga bakin kwano yake zuba, sai an kafa masa. Ga kuɗin mota, wanda kowa ke mantawa. Duro ba ya shiga cikin ɗan'uwansa, in ka ɗauki ashirin iska ka yi wa haya.

Na ɗan zagaya na tambayi kuɗin kayan. In duro da famfo kawai za mu sayar, abin da zai rage mana bai taka kara ya karya ba, duro ɗaya ya fashe a hanya ya cinye ribar uku. Kuma Ɗan Adawa ya yi gaskiya a nan, mai saye na iya zuwa inda muka sayo ya sayo da kansa. Abin da ba zai samu a can ba shi ne wanda zai zo gidansa ya auna rufi, ya daddale wuri, ya kafa, ya dawo bayan ruwan farko ya duba. Hajiya ta riga ta faɗa. Ladan aiki za mu ci, ba ribar roba ba.

Sharaɗina biyu. Ba zan fitar da ko sisi daga asusu a sayo duro a jibge ana jiran mai saye ba. Mai so ya rubuta suna ya ba da kafin alƙalami wanda zai biya kuɗin kayan, a ba shi rasit, in mun kafa ya cika sauran. Na biyu, kuɗin ba ya kwana a aljihun kowa, har ni.

Ɗan Adawa:
A rubuta ranar nan, Ma'ajiya ta ce na yi gaskiya.

Ma'ajiya:
Rabin gaskiya. Kada ka kai ta kasuwa.

Sakatare:
Amma Yaya Ma'ajiya, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wa zai ba da kafin alƙalami a kan abin da bai gani ba? Dole mu kafa ko guda biyu mutane su gani da ido.

Ma'ajiya:
Biyu na yarda. Ashirin ne ban yarda ba. Kuma ka sani, wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In muka karɓi kuɗin mutum talatin, mu nawa ne za mu fito aiki? A takarda mu arba'in ne, ranar sharar ɗakin karatu mutum tara na ƙirga.

Yaya Injiniya:
Salam. Na makara, ina hanya. Abu biyu zan ƙara.

Na farko doka. Kada mu ɗauka ko'ina ruwan da ya sauka a rufinka naka ne kai tsaye. A jihar Colorado ta Amurka, saboda tsohuwar dokarsu ta haƙƙin ruwa, wadda ke ɗaukar ruwan sama a matsayin rabon masu haƙƙi a kan koguna, sai a 2016 aka halatta wa yawancin gidaje ajiye duro, shi ma biyu kacal, jimillarsu kada ta wuce galan 110, wajen lita 416, kuma a yi amfani da shi a waje, a filin gidan. A jihar Tamil Nadu ta Indiya kuwa akasin haka ne, a 2003 aka wajabta wa gine-gine tarbar ruwan sama. Don haka Sakatare ya leƙa ofishin da ke kula da tsabtar muhalli ya tambaya kafin mu fara, musamman kan ajiye ruwa a gida. Kuma ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin mu taɓa masa mazirari.

Na biyu, lissafin Baba daidai ne, kuma ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun san haka. A yankin arewa maso gabashin Brazil mai fama da fari, shirin tankuna miliyan ɗaya da suka yi, kowane tanki lita 16,000 yake ci, duro tamanin ke nan. A Tailan, a shekarun 1980, manyan randunan siminti masu cin lita 2,000 suka yaɗa a karkara. Wanda ke son ruwan da zai kai shi rani, can ya dosa. Mu namu ƙaramin abu ne, mu kira shi da sunansa. Abin da za mu iya yi shi ne mu bar wa kowane duro wurin haɗi, in mai gida ya ji daɗi ya ƙara na biyu da na uku a jere, mu sake cin ladan aiki.

Hajiya Mai Lambu:
Injiniya, in an ɗaga shi sama zan iya sa tiyo in yi feshi? Bayana ba ya son ɗaukar bokiti.

Yaya Injiniya:
Hajiya, feshi kam a'a. Sai ruwa ya yi tsayin mita 10 kafin ya ba da matsi na "bar" ɗaya (ma'aunin ƙarfin turin ruwa ke nan), naki kuwa daga saman ruwan zuwa ƙasa bai fi mita ɗaya da rabi ba. Zai zubo ta gajeren tiyo mai faɗi a hankali, in lambun na ƙasa da famfon. Ki kwantar da bakin tiyon a gindin shuka ki bar shi yana tsiyaya. Hakan ma ya fi.

Baba Malamin Gona:
Ya fi nesa ba kusa ba, kuma ya kawo mu maganar da ban so a rufe ba a yi ta ba. Ruwan sama na da tsabta a sama, amma ta kan rufi ya biyo. Kashin tsuntsu, na ƙadangare, ƙura, ganye, duk yana kwasowa. A zuba shi a ƙasa, gindin shuka, kada a watsa a kan ganyen da za a ci ɗanye, kuma abin da aka tsinka a wanke da ruwa mai tsabta. Rufin da aka shafa wa tsohon fenti mai dalma, ko katakon da aka jiƙa da maganin gara, ruwansa na fure ne kawai. Ku duba rufi kafin ku karɓi kuɗin mutum.

Anti Nas:
A kuma rubuta a jikin kowane duro da manyan baƙaƙe: BA NA SHA BA NE.

Ɗan Adawa:
Anti, mu faɗi gaskiya. Ranar da famfo ya ɗauke, ga lita 200 a tsakar gida, rubutu ne zai hana mutum sha?

Anti Nas:
Ba zai hana kowa ba. Zai hana wasu, kuma yaron da ya iya karatu zai tambaya. In ka san abin da ya fi rubutun ka kawo, in ba ka sani ba a rubuta.

Ɗan Adawa:
Ban ce kada a rubuta ba. Cewa na yi ranar kafawa a zaunar da mutanen gidan a gaya musu baki da baki, har da cewa in dole ta sa, a tace a tafasa. Yin kamar ba za a sha ba shi ne yaudarar kai.

Anti Nas:
Wannan na yarda. Kai za ka riƙa yin bayanin tunda bakinka ba ya gajiya.

Kawu Mai Famfo:
Akwai dabarar da ke rage dattin sosai, kuma ita ce za ta bambanta aikinku da na mai jera bokiti. Kafin ruwa ya isa duro, a sa mahaɗa mai kai uku, a saukar da bututu mai inci 4 a tsaye a jikin bango, a toshe ƙasansa da murfi mai zare. Ruwan farko, mai wankin rufi, shi zai fara cika wannan bututun, sai ya cika sannan na bayansa ya wuce duro. In an jefa ƙwallon roba a ciki, yana tasowa ya toshe bakin, dattin ba ya komowa. Mita ɗaya na bututu mai inci 4 na cin wajen lita 8. Mafi ƙarancin abin da ake so a zubar shi ne kamar rabin lita a kowane murabba'in mita, to rufin Baba mai 30 na son lita 15, bututu kusan mita biyu. A yi wa murfin ƙasan 'yar huda ya riƙa tsiyayewa da kansa, in ba haka ba shi ma gidan sauro ne. Ruwan farkon damina kuwa, bayan watanni rufi na shan ƙura, a bar shi ya zube gaba ɗaya.

Ma'ajiya:
Kawu, ka sake ƙara mini kuɗi.

Kawu Mai Famfo:
'Yata, ki yi farashi biyu, mai bututun wanki da maras shi. Raga da mafitar ambaliya ne ba a sasantawa.

Ma'ajiya:
To ga wani abu da ya faɗo mini. Duk abin da kuka lissafa, share mazirari, duba raga, kwance murfin bututu a zubar da laka, goge cikin duro, yawancin masu saye ba za su yi ba. Mu sa shi a matsayin aiki na daban, sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke, a biya mu ɗan wani abu. Babu sayen kaya, babu haya, guminmu ne kawai. Kuma hankalin Anti zai kwanta tunda idonmu na kan kowace raga.

Anti Nas:
Sau biyu a shekara bai ishi raga ba, amma ya fi babu. A koya wa mai gida ya leƙa duk mako, in ya ga abu na wutsil-wutsil a ruwan ya kira mu.

Sakatare:
Na sake tallar: "Kada dashenka ya mutu in ruwa ya ɗauke. Mu auna, mu kafa, mu dawo mu duba." Baba, ta wuce?

Baba Malamin Gona:
Ta wuce. Ba ta kai ta farko daɗin baki ba, amma ba wanda zai biyo ka da ita. Sai dai ku hanzarta, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuka bari ruwa ya sauka kafin ku fara, siminti ba zai bushe muku ba, kuma ba na son ganin yaro a kan jiƙaƙƙen kwano. Wanda bai kai shekara 18 ba ma kada ya hau tsani, ya tsaya a ƙasa wajen wanki da yankan raga.

Auta:
Baba, saura wata huɗu in cika.

Baba Malamin Gona:
To saura wata huɗu ka hau.

Hajiya Mai Lambu:
Ku fara da gidana, a kawo masu son gani su gani. Amma ba a wurin da na farko ya faɗi ba, bangon bai gama warkewa ba. Ɗaya gefen akwai mazirari, sai dai ya ɗan lanƙwashe a tsakiya, ruwa na kwanciya.

Kawu Mai Famfo:
Wannan ma sai an gyara Hajiya, ruwan da ke kwanciya a mazirari sauro ba ya raina shi. Zan zo Asabar da safe da ma'auni. Sakatare, ka samo mutum uku, ɗaya ya zo da tef ɗin awo, ɗaya da littafi. Injin huda ina da shi, amma haƙorin da ke yanka da'ira daidai famfo ya dakushe, a tambaya ko wani na da shi.

Ɗan Adawa:
Ni zan riƙe littafin. Daga gidan Hajiya zan bi layin gida-gida in ƙirga masu lambu, in kuma tambaye su ko za su biya. In ba su kai goma ba zan dawo nan in faɗa, kada a ce ban faɗa ba.

Ma'ajiya:
Ka rubuta har da wanda ke da mazirari da wanda ba shi da shi, da irin rufin. Na biyun da za a kafa na gwaji a ɗakin karatun kansa za a sa, kuɗinsa daga asusu, kuma ina son rasit ɗin kowace washa.

Sakatare:
An gama. Mai duro ashirin ɗin nan ya sake kira yanzu, na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce zai duba ya gaya mini.

Kawu Mai Famfo:
Ka ce ya ɗauki hoton takardar da ke jikin kowanne ya turo. Wanda aka kankare takardarsa a cire shi daga lissafi.